Tushen Nobe a Fasasshiyar Tukunya

Duk wanda ya yi lakwal, wato makarantar boko, a ƙauyen nan na gabas da Kore Mairuwa ya san Mushe Ashiru da akwatinsa; mushe dai haka ake ce wa malamin boko a can. Akwatin ƙarfe ne, fentinsa ya goge tuntuni, amma ko baƙo bai isa ya zauna a kai ba. Ganyaye ne a ciki, waɗanda ya danne a tsofaffin kaye, wato littattafan rubutu, har suka bushe, da ɓawon itatuwa, da iri cikin gwangwanayen tumatir, da gashin tsuntsaye. Kowanne da sunansa a rubuce, da wurin da aka tsinko shi.

Wannan wahalar ta samo asali ne ranar da ya tambayi ajinsa wa ya taɓa ganin itacen kirya. Yara sittin, ƴaƴan manoma da makiyaya, babu wanda ya ɗaga hannu. Garmani kawai suka sani, ciyawar banzan nan da ta cinye makiyaya, dabba ba ta ko kallonta. Abin ya tsaya masa a rai. Tun daga nan kowace Lahadi yana daji, yana sunkuye-sunkuye kamar wanda allura ta faɗi masa.

Sunayen kuwa ba a littafi ya samo su ba. Inna Ajuma ce malamarsa, tsohuwar da ta ƙare ƙuruciyarta a bayan shanu, yanzu ido ya yi rauni. Sai ta murje ganye, ta kai hanci, ta yi tsaki.

"Wanga taura ce, Mushe. Duk bokon naka ba ka san taura ba? Mi kuke koya ma ɗiyan mutane?"

Ita ce ta ba shi labarin nobe, ciyawa mai ƙamshi da a da ake rufin ɗaki da ita, a kuma sha ta don ciwon ƙirji. Ta ce shekara ashirin rabonta da jin ƙamshinta, amma ya duba gindin duwatsun Lugu. Sau uku yana zuwa a kan tsohon babur ɗinsa. A na ukun ya tarar da tushe ɗaya tal a bakin wata gona da ake sharewa, ana shirin sa wuta. Ya tono shi da ƙasarsa, ya dasa a fasasshiyar tukunya a bayan ɗakinsa. Ruwan alwalarsa yake tara masa. Burinsa bai wuce damina ta zo ba, ya raba tushen gida huɗu, yara su dasa da hannunsu a filin lakwal, su san ƙasarsu ta taɓa yin ƙamshi.

To, amma akwai abin da Mushe bai lissafa ba. Shi akwatin darasi yake gani, mutanen gari kuwa rumbun magani suke gani. Kuma a garin nan ba a hana magani. Za ka iya hana mutum aron gatari, a ce kai marowaci ne, a wuce wurin. Amma ka ce da mai majinyaci babu alhali akwai, har jikokinka sai sun ji gorin. Yau a zo neman ɓawon marke don tari, gobe ganyen kirya. Ya yi bayani har bakinsa ya bushe: wannan na koyarwa ne, idan ya ƙare babu wani. Sai su gyaɗa kai, su ce wallahi gaskiya ne, su miƙo hannu. Shi kuma ya gutsura. Matarsa Ummukulsum har tsiya take masa, wai ta auri mushe, ta wayi gari a gidan boka. Kafin azumi ya wuce, rabin shafukan babu abin da ya rage a kansu sai suna.

Noben ne kaɗai ya tsira, don ya kewaye shi da zana, babu wanda ya sani sai shi da matarsa da Inna Ajuma.

Ana cikin zafin bazara, saura kamar wata biyu ruwa ya sauka, sai ga Nana, ƴar Inna Ajuma, ta yi sallama da hantsi. Ta durƙusa ta ce ƙirjin Inna ya tashi. An kai ta likita, an ba da ƙwayoyi, an dawo da ita.

"Ta ce in hwaɗa maka, nobe take so."

Ya sa wuƙa ya yanke ganyen, yana lallashin kansa cewa tushe zai sake tofowa. Bayan kwana biyu Nana ta dawo: ganye bai yi ba, saiwa ake dafawa. Ya tsaga tushen biyu, ya mayar da rabi cikin ƙasa. Ranar Juma'a ya je gaishe da Inna da kansa. Tana kwance a tabarma, numfashi na fita da ƙyar.

"Na ji daɗinshi, Mushe," ta ce. "Ɗakin uwata ni ka tunawa in na sha. Na san ɗan kaɗan ya rage. In ba ka iyawa, ka bar shi."

Da ta roƙe shi ne, da wataƙila ya iya taurin kai. Amma ba ta roƙa ba. Ya koma gida ya daɗe tsugune gaban tukunyar. Ya sani sarai saiwar nan ba za ta tayar da Inna ba, ita ma ta sani. Ya kuma san in ya cire, shi ke nan. Duk da haka ya cire, ya kakkaɓe ƙasar, ya kai da kansa.

Inna Ajuma ta rasu kwana tara kafin ruwan shuka. Bayan sadakar uku ya hau babur ya koma Lugu. An ƙone gonar, an jera taki, ko sili ɗaya bai gani ba.

A makon ƙarshe kafin hutu ya buɗe akwati a gaban aji. Akwai ganyen nobe guda ɗaya da ya danne tun ranar da ya kawo tushen. Ya ce a zagaya da kayen, kowa ya shinshina, a hankali, kada ya karye. Kaye ya bi hannu sittin. Da ya kai layin baya, wata yarinya mai suna Fadila, jikar Inna Ajuma, ta kafa hanci ta ja, ta sake ja, sannan ta ɗago.

"Mushe, ni warin takarda ni ka ji."

Ya karɓa ya shinshina da kansa. Gaskiyarta ce. Ya buɗe baki zai kwatanta musu yadda ƙamshin yake, ya rasa da me zai kwatanta, don duk abin da ya yi kama da shi ba su taɓa ji ba. Sai ya rubuta sunan a allo, ya ce su kwafa.