Ranar da Aka Yi Dikte da Tukunyar Kaka

Wata Litinin ce bayan an gama ɗaurin gero, a shekarar da na shiga aji biyar a lakwal, makarantar bokon garinmu, gefen Tsarnawa, farkon shekarun 1990. Mun share fili, an ɗaga tuta, mun shiga aji ƙafafunmu duk ƙaiƙayi. Mushe Sale, malaminmu, ya ce kowa ya fiddo kaye, littafin rubutunsa, da bik, wato biro, za a yi dikte, shi yana karantawa mu muna rubutawa. Sai na ga bai ɗauko littafin da ya saba ba. Wani kaye mai shuɗin bango ya zaro daga aljihu. Tun daga bencin ƙarshe na gane shi, don ni na liƙe gefensa da ƙaro inda ɓera ya ci.

Mushe Sale ne ya sa na sayi wannan kaye da kuɗin gyaɗata. Yana da wata mujallar Faransanci mai hotuna da ya samo wajen Shinuwa, mutanen ƙasar Sin masu aikin rijiyoyi, kuma ran Asabar in ya ga mun gaji yakan ba mu labari daga ciki. Wanda ya kama ni shi ne na wani marubucinsu na zamanin da, da sunansa bai taɓa zama bakina ba. An haife shi a gidan da ke kula da saƙar alharinin sarki, gida mai lambuna da barori. Yana yaro sarki ya ƙwace komi, suka koma arewa hannu biyu. Ya girma a bayan gari yana shan kunu tsararo, yana sayar da zane-zanensa, ya shekara goma yana rubuta labarin wani babban gida da ya rushe. Ya rasu bai kai ƙarshe ba, abokansa ne suka riƙa kwafar littafin da hannu har ya bazu. "Ba shi da gona, ba shi da sarauta," in ji Mushe, "amma ya tuna, kuma ya rubuta."

Ni ba mai magana ba ce. In ƴan mata suna gaɗa ko carafke ni ke riƙe musu takalma. Amma ran nan na koma gida ina ta juya labarin a raina, don mu ma gidanmu ya taɓa zama babba. Kakana mutumin Sakkwato ne, mai babbar mota, kuma a zamaninsa ba a rufe zaurenmu saboda baƙi. Motar ta mutu, shi ma ya bi ta, gangar jikinta na nan bayan gida kaji na ƙwai a ciki. Kaka, matarsa, ita ta riƙe ni. "Ƙawata" take ce mini. Da yamma muna ɓarar wake a bakin rumbu, hannuwanta na aiki bakinta na zuba, ni kuma in na gama wanke-wanke sai in rubuta abin da na ji, da Faransancina mai ɗingishi.

A wajen ɓarar waken ne ta faɗa mini abin da ko babana bai sani ba, don lokacin yana cin rani. A shekarar fari, ina ƴar ƙarama, hatsi ya ƙare mana ƙaf. Gidan da ya saba ciyar da unguwa ba ya roƙo. Sai Kaka ta riƙa zuba ƙaiƙayi a turmi tana daka da ƙarfi don maƙwabta su ji, ta ɗora tukunya da ruwa zalla don su ga hayaƙi. In mace ta leƙo, ta ce mata, "Bismilla, tuwo ya kusa," tana addu'ar kada ta zauna. Mu kuma anza, ƴaƴan wani icen daji, muke ci a cikin ɗaki, wadda ta jiƙa kwana da kwanaki don ɗacinta ya fita. Tana faɗa tana dariya, amma ta rage murya. Na rubuta duka, da sunanta, da sunan kakana, har da tsagin da ke bakin turmin.

Sati biyu ina yawo da kayen kafin na iya miƙa wa Mushe Sale. Na roƙe shi ya gyara mini kurakurai kawai. Ya dafa ƙirji ya ce, "Ba mai gani sai ni, ɗiyata."

Shi ne ran Litinin ɗin ya buɗe shi gaban aji. A dikte ana maimaita kowace jimla sau biyu, a hankali, har da waƙafi da aya. Haka aka yi wa tukunyar Kaka. Da ya zo kan sunanta, ya juya ya rubuta shi a tabulo, babban allon aji, don kada yara su kuskure. Na ji ƙarar bik ko'ina, na ga Lami, ɗiyar maƙwabciyarmu, ta waiwayo ta dube ni sannan ta ci gaba da rubutu. Ni ban rubuta ko harafi ba. Da aka tashi na je na tsaya bakin tebur ɗinsa. Shi kuwa fuskarsa a sake. "Kin manta yadda littafin mutumin nan ya kai duniya? Da hannu aka kwafe shi. Yau na yi miki abin da abokansa suka yi masa." Ya ba ni sifili saboda farar takarda, ya riƙe kayen wai zai nuna wa sufeto. Ban sake ganinsa ba.

Kafin magariba yara sun fassara wa uwayensu. Washegari uwar Lami ta yi sallama da ƙwarya cike da gero, alhali rumbunmu a cike yake. Ta durƙusa ta ce, "Inna, da mun sani wallahi. Muna jin dakanki kullum." Kaka ta karɓa da hannu biyu, ta yi godiya, ta raka ta har zaure. Da ta dawo ta ajiye ƙwaryar a gabana. Ba ta doke ni ba, ba ta ɗaga murya ba.

"Ke na faɗa wa, Hadiza," ta ce. "Ke ɗaya."

Daga ranar ban sake jin "ƙawata" ba. Mun ci gaba da ɓarar wake, ba abin da ke tashi sai ƙarar kwasfa. Shekaru biyu ta ƙara a duniya, kuma duk abin da ya rage na labarin gidanmu da ita aka binne shi.

Sai da na girma na karanta tarihin marubucin nan da kaina, na ga abin da Mushe Sale bai faɗa mana ba. Mutumin ya sauya sunayen mutanensa, ya lulluɓe gidansu yadda ba mai nuna shi da yatsa. Na daɗe ina jin haushin Mushe shi kaɗai, kafin na yarda cewa abin da ya yi mini shi na fara yi wa Kaka. Yau a Konni jikoki na ɗaukar muryar kakanninsu a waya, kafin tsohuwa ta rufe baki an ji ta a Abidjan, ba wanda ke ganin laifi. Ni turmin mai tsagi yana ɗakina, ba na daka a ciki. Ko yanzu da na rubuta wannan, sunanta na bar shi a gida.