Kawuna masunci da ramukan cikin dutse

Shekarun baya, ina ajin ƙarshe a karatun ilimin duwatsu, aka ba ni wani tsauni a bayan Garwa in gano yadda duwatsunsa suka samu. Wata biyu ina aune-aune, na yanke cewa tsohuwar hamada ce, iska ta tara yashi ya daskare. Na rubuta hakan a memwar ɗina, wato kundin kammala karatu, ina ta jin kaina. Saura mako uku in kare aikin gaban malamai, wanda ya faɗi kuwa sai ya maimaita shekara.

Mahaifiyata ba ta yarda in shiga daji ni kaɗai ba, don haka kawuna ke kai ni a moto, wato babur, daga unguwarmu Djamboutou. Masunci ne, a kogin Binuwai ya tsufa. Zuwanmu na ƙarshe ya gaji da zaman jira, ya tako inda nake, ya tsuguna yana shafa wasu ƙananan ramuka kamar bututu a jikin dutsen. Ni da na ɗauka cin ruwan sama ne.

Ya ce, "Ɗiyata, wa ya ce miki nan hamada ce? Wannan ai gidan tsutsar laka ne, irin wadda nake sa wa ƙugiya."

Na yi dariya, na hau yi masa bayani rabi da Faransanci. Bai ji haushi ba. Ya nuna mini laka a ƙasa, yashi mai laushi a kanta, mai tsakuwa a can sama. Ya ce haka yake gani duk inda kogi ke zubawa cikin tafki: yana turo yashi gaba, yana binne laka.

Na daina dariya, na ɗauki hotunan ramukan. Washegari na kai wa malamina hotunan. Ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce ramukan sawun halittu ne da suka rayu a jiƙaƙƙiyar laka, wurin kuma bakin tsohon kogi ne da ya rarrabu ya shiga ruwa kwantacce. Ya tambaye ni a wane littafi na gani. Da ƙyar na ce kawuna ne.

Na sake rubuta komai, na kuma ci.

Har yau ina jin kunyar dariyar nan. Da kawuna ya yi fushi ya koma inuwa ya yi shiru, da na faɗi. Da na je yi masa godiya, yana gyaran koma, ko ɗagowa bai yi ba. Ya ce in dai an gama da dutsen, shi zai koma kogi, kifi ba ya jiran mai digiri. Allah ya saka masa da alheri.