Na'urar da Anti Mai Keke ta Ɗinka wa Riga

Duk wanda ya taɓa kai ɗinki layin bayan tasha ya san Anti Mai Keke. Shagonta ɗan tsukuku ne, keken ɗinki a bakin ƙofa, dutsen guga a kan kujerar da ya kamata baƙo ya zauna. Mace ce gajera mai tsinin baki, kuma ba ta iya ganin abu tsirara. Rediyonta na da riga, butar shayinta na da riga, kai, har almakashinta sai da ta yi masa kube.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, tun tana amarya take hawan dutse. Maigidanta ma'aikacin gidan waya ne, mai rarraba wasiƙu da ƙafa, kuma ƙafar tasa ba ta san hutu ba. Ran Asabar sai ya ja ta zuwa duwatsun bayan gari, shi a gaba, ita a baya tana mita. Ta yi mitar har ta zamar mata jiki, daga baya ma ita ke tashinsa. Amma ba ta taɓa riƙe hanya ba. Me za ta yi da hanya, ga ƙeyar mutum a gabanta?

Da Allah ya yi masa rasuwa, ta daɗe ba ta ko kalli wajen ba. Ranar da ta ɗauko takalman hawanta tana kakkaɓewa, babban ɗanta, wanda kowa ke kira Yaya, ya tsaya mata a ƙofar ɗaki.

"Umma, ina zuwa?"

"Inda na saba."

"Da wa? Ke fa ko a asibiti sai kin tambayi ƙofar fita."

Maganar ta yi mata zafi, don gaskiya ce. Yaya direban motar asibiti ne, ya sha kwaso waɗanda suka faɗo daga dutse, ba za ka ga laifinsa ba. Amma ita ta san in ta ajiye takalman nan yau, ta ajiye su ke nan har abada, sai zaman shago da ciwon gwiwa. Suka yi ta ja-in-ja har Auta, ƙanwarsa, ta raba gardamar. Za a saya wa Umma na'urar nuna hanya, wadda ake kira jifiyes. Yaya zai kai ta gindin dutse ya jira a mota. In ta hau ta sauko, na'urar ta nuna layin tafiyarta daga ƙasa har ƙololuwa, to ya sakar mata mara. In ko ta ɓace, an rufe maganar dutse.

A kantin kayan tafiye-tafiye, mai kantin ya baje musu na'urori kan tebur. Ya fara da wata mai faffaɗar fuska kamar wayar hannu.

"Hajiya, wannan shafa ta kawai ake yi."

Ta shafa, shiru. Ta sake shafawa, ko gezau. Allura da zare sun mayar da kan yatsunta kamar fatar takalmi. Ta ture ta gefe. Ya miƙo wata ta ɗaurawa a hannu kamar agogo, ta kai ta har kan hanci ba ta ga rubutun ba. Sai ya ɗauko wadda yake ji da ita, ya danna, wata muryar mace ta ce a juya dama.

"Kashe ta!" in ji Anti. "Ɗan nan, na yi rayuwata kaf ana ce min juya dama, juya hagu. Wancan na yi masa haƙuri don mijina ne. Wannan kuma 'yar wa ce?"

Auta ta rufe baki tana dariya. Mai kantin ya sosa ƙeya ya tambaye ta me take so na'urar ta yi mata.

"Ta yi shiru. Ta nuna min inda nake, ta tuna inda na biyo. Kuma in batir ya mutu in cire in sa wani, ba in tsaya neman wuta a kan dutse ba."

Ya duƙa ƙarƙashin tebur ya zaro wata baƙa mai kauri, mummuna, da manyan maɓallai. Ta danna ɗaya ta ji ya ce ƙas, fuskarta ta washe. Ya nuna mata yadda na'urar ke zana layi a bayan mai tafiya, ta ce ai wannan zare ne, ta gane. Ya saka mata ƙololuwar dutsen a taswira, ya koya mata yadda za ta sa alama a inda mota ta tsaya. Ya kuma ce na'urar tana son ganin sama, amma lokacin hankalinta ya tafi kan auna tsawonta da faɗinta da ɗan yatsa.

Kun dai san abin da ya biyo baya. Kafin Asabar na'ura ta samu riga. Ba ƙaramar riga ba kuwa: ninki uku, da auduga, da shafi na yadin nan mai walƙiya da ake sa wa jakar abinci don ya riƙe zafi, wai kada ruwa ya taɓa ta.

Da safe Yaya ya ajiye ta a gindin dutsen yana ta haɗe rai. Ta kunna na'ura, ta sa alamar mota a gabansa, ta zura ta cikin rigarta ta ja zif, ta cusa can ƙasan jaka ƙarƙashin gorar ruwa, ta kama hanya. Farkon hanyar a fili take, ba ta buƙaci kowa ba. Sai da ta kai wani faffaɗan dutse inda hanya ta rabu biyu ta zauna ta zaro na'urar don ta ga zarenta.

Babu zare. Ɗigo ɗaya ne a wajen mota, daga nan fuskar fayau. Ta jijjiga ta, ta hura mata iska. Can na'urar ta farfaɗo a tafin hannunta, ta nuna inda take zaune, sai maganar mai kanti ta faɗo mata. Ita da hannunta ta rufe wa abin ido!

"Kai, amma ke dai an yi sakarya," ta ce wa kanta.

Rabin shaidarta ya tafi, kuma ta san Yaya ba ya sassauci a kan sharaɗi. Hawaye ya cika mata ido, na haushi da na kewar mutumin da ya saba tsayawa a daidai wurin nan ya nuna hanya da sanda. Ta yi tunanin juyawa. Sai ta ga in za a hana ta dutse, gara a hana ta bayan ta taka samansa. Ta zaro reza daga jaka ta farke rigar, ta yanki igiyarta, ta ɗaure na'urar a kafaɗa tsirara, ta bi inda kibiyar na'urar ta nuna mata ƙololuwa.

Ta sha wuya, ba a magana. Sau ɗaya ta bi wata hanyar awaki, ta duba ta ga ta kauce, ta dawo da kanta ba wanda ya yi mata gori. Gwiwa na ƙara, numfashi na fita da ƙyar, har ta ɗora ƙafa a ƙololuwa. Garin duka na shimfiɗe a ƙasa. Ta riƙe ƙugu ta yi dariya ita kaɗai, ta kira sunan maigidan da ƙarfi, ta ce masa to ga ta nan.

A saukowa gajimare ya rufe dutsen, ko tsawon ɗaki ba ka gani. Ta bi zarenta a hankali har faffaɗan dutsen nan, inda ya ƙare. Daga nan sai kibiyar mota kawai. Tana cikin lalube ta ji murya daga gefe, can cikin kwazazzabo.

"Umma! Umma!"

Yaya ne. Ganin gajimare ya sa ya kasa zama, ya biyo ta da takalmin ofis, ya saki hanya, waya kuma ba sabis. Ta sa alama a inda take tsaye, ta bi muryar ta same shi rungume da wani icce, wando duk taɓo.

"Umma, lafiyarki ƙalau? Na zo neman ki."

"Sannu da ƙoƙari. Ka same ni. Kama jakata."

Ya kama. Ta dawo da su kan alamarta, ta dubi kibiya, ta dubi ƙasa, suka gangara a hankali, ƙaton mutum na bin gajerar tsohuwa yana santsi, har motar ta ɓullo a gabansu.

A cikin mota ta kwance na'urar ta miƙa masa, don ba ta iya ɓoye-ɓoye ba.

"Duba. Layin hawa bai cika ba, rabi ne. Laifina ne, na yi mata riga."

Ya riƙe ta yana kallo. Sannan ya mayar mata a cinya ya tayar da mota.

"Umma, Asabar mai zuwa... in na samu hutu, za ki tafi da ni?"

Ta dube shi sama da ƙasa, ta gyara zama.

"Ka nemi takalmin kirki tukuna. Kuma ban da surutu a hanya."