Chollom, Wanda Ya Bar wa Hajara Turarenta

Ƙarfe shida da rabi na safe farar motar Chollom Mang take tsayawa a ƙofar shagon Akosua a Tompkinsville, unguwarmu a nan Amurka, da tsani ɗaure a samanta. Zai shiga ya karɓi koko da ƙosai, ya ci a tsaye, ya tambayi Akosua ko firjinta ya kwana lafiya, ya fita. Daga nan sai inda aka kira shi. Shekara ashirin da shida yana haka. Goma sha tara daga ciki na gani da idona, don a layin nake zaune.

Aikinsa gyaran AC, na'urar sanyaya wuri. Ba ta manyan benaye ba. Ta ƙananan shaguna, ta motocin sayar da abinci, ta motocin coci, da ta irin doguwar motar nan mai ɗakin kwana da kicin a ciki, wadda mutanen ƙasar nan suke kira RV. Mutumin Jos ne. Ƙarshen watan nan zai ajiye aiki, gwiwoyi sun ƙi hawa tsani. Ba shi da ofis, ba shi da oga, babu wanda zai tara masa mutane a yi jawabi. Shi ya sa na ɗauki biro.

Ni ne Abdul-Hanan, daga Zangon Kumasi. Na tuƙa tasi a garin nan har ƙarfi ya ƙare. Abin da na gani zan faɗa, ba ƙari.

Ku tambayi Akosua. Wani ya taɓa ce mata ta jefar da firjinta ta sayi sabo. Chollom ya kwanta a ƙasa, ya zura hannu ta baya, ya zaro ledar burodi da ta maƙale a fanka. Firjin yana nan har yau. Ku tambayi mutanen masallacinmu. A azumin 2013, tsakiyar zafin Yuli, AC ta mutu mana. Ya iso ana sallar azahar. Ya cire takalmi, ya tsaya a bakin ƙofa da jakarsa har aka sallame. Ya yi awa uku yana aiki, rigarsa sharkaf da gumi. Liman ya sa aka kawo masa ruwan sanyi, aka ce ya sha, shi ba azumi yake ba. Ya karɓa ya ce zai sha a mota. A mota ya sha.

Nawa labarin na 2016 ne.

'Yarmu Safiatu tana aure a Columbus, can Ohio. Ta haihu ranar Asabar, mace, jikarmu ta fari bayan jira na shekara tara. Suna sai Asabar ta zagayo. Matata Hajara kuwa ciwon zuciya ya riga ya kama ta. Likita ya ce ba zama a jirgi, ba doguwar tafiya a kujera. Idan za ta je, to a kwance, kuma kada zafi ya taɓa ta. Tafiyar kusan awa goma ce.

Abokina Hamidou, mutumin Maraɗi da ya daɗe yana kasuwa a Canal Street, yana da tsohuwar RV da yake ajiyewa a bayan gidansa. Ya ce ga mota, shi zai tuƙa. Akwai gado a ɗakin baya, akwai AC biyu a kan rufi, ɗaya ta gaba ɗaya ta ɗakin. Muka ce alhamdulillahi.

Ranar Litinin Hajara ta shiga ɗakin don ta shirya kayan jaririya. Da farko sanyi har da jan mayafi. Bayan awa ɗaya da wani abu iska ta ɗauke, ɗaki ya koma kamar tanda. Na same ta a bakin gado tana haki. Talata muka kai motar wani babban gareji a New Jersey. Suka jona kwamfuta, suka bar ta tana aiki, suka ce babu abin da ya same ta. Laraba Hajara ta sake shiga, abu ya maimaita. Wani makaniki ya zo ya leƙa, ya ce a sauke AC ta ɗakin baya gaba ɗaya a sa sabuwa, kayan za su iso nan da mako biyu.

Da yammacin nan na ce wa Hajara, “Ba za ki je ba. Za a nuna miki a waya.”

Ba ta yi musu ba. Shekara arba'in da ɗaya ba ta taɓa yi min musu a gaban mutane ba. Ta ci gaba da ninke 'yan rigunan. Can ta ce, ba tare da ta ɗago ba, “Alhaji, a waya ba a ɗaukar jariri.”

Akosua ce ta ce a kira Chollom. Ban so ba. Na gaji da makanikai.

Ya zo Alhamis da hantsi. Na tare shi a bakin mota na ce, “Masu kwamfuta sun duba ba su ga komai ba.”

“To Baba, ni ma bari in zo in rasa, mu zama uku.”

Ya shiga ya tsaya gaban ɗan allon nan na jikin bango da ake saita sanyi da shi, tamostat. Ya kira ni, ya yi min bayani yadda zan gane. Ya ce allon ɗaya ne amma ɗaki biyu yake riƙe da su, shiyya ta ɗaya gaba, ta biyu ɗakin kwana. Shi kansa ba ya jin zafin ɗakin baya. Yana da ɗan aike can, wani abu ƙarami kamar maɓallin riga a jikin bango, sensa. Abin da ɗan aiken ya faɗa masa, da shi yake aiki.

Ya danna shiyya ta ɗaya, lamba ta nuna saba'in da huɗu, wato sanyi daidai a ma'aunin ƙasar nan. Ya danna ta biyu, saba'in da biyar. Ya zare wata waya siririya irin ta tarho, ya duba bakinta, ya mayar. Ya hau rufi da gwiwoyin nan, ya sauko. Sanyi yana fita ta ko'ina.

Hamidou ya ce, “Ka gani ko? Haka take mana. Gaban likita sai ta warke.”

Chollom bai kwance ko ƙusa ɗaya ba. Ya je ya zauna a bakin gado yana kallon bango. Ya ja numfashi sau biyu. Sai ya fara tambaya. Yaushe take ɗaukewa? Ana tafiya ko a tsaye? Wa yake cikin ɗakin?

Hamidou ya ce, “Idan Hajiya tana ciki.”

“Kullum?”

“Sau biyun dai.”

Raina ya ɓaci. Na ce, “Matata ce take lalata mota?”

“A'a Baba. Amma ita kaɗai ta ga abin yana faruwa. A kira min Mama.”

Na ce na hana ta shiga. Ya ce shi zai tsaya a ƙofa, da ya ji iska ta ragu zai fito da ita da kansa. Ban san abin da ya sa na yarda ba. Wataƙila don bai ɗaga murya ba, kuma bai ji tsorona ba.

Da ta zo ya durƙusa ya gaishe ta. Ya ce, “Mama, ki yi duk abin da kika saba yi, kamar ba ni nan.”

Ta buɗe akwati ta fito da kayan jaririya. Sannan ta zuge jakarta ta hannu ta ciro ɗan kaskon turare na lantarki. Ta ɗora a kan wata 'yar kanta da ke kusa da kan gado, ta jona, ta zuba turaren wuta. Ta ɗauki riga ɗaya ta riƙe a kan hayaƙin, ta juya, ta ninke, ta ɗauki wata. A gidansu kaka ba ta kai wa jariri kaya sai ta turara su ɗaya bayan ɗaya da hannunta. Haka uwarta ta yi wa Safiatu. Ni na san da wannan tun fil azal, amma ban taɓa haɗa shi da mota ba.

Tsakanin bakin kaskon da sensar nan bai fi yatsa huɗu ba.

Chollom ya yafito ni zuwa allon. Lambar shiyya ta biyu tana hawa a gabana. Saba'in da tara. Tamanin da shida. Casa'in da uku.

“Baba, jikinka yana jin wannan zafin?”

“A'a.”

“To shi ɗan aike yana rantsuwa ɗaki ya kama da wuta. AC ba za ta huta ba ko minti ɗaya.”

Ya miƙa hannu sama ya buɗe murfin silin, ya zaro rariyar da iska take bi, filta. Baƙa ƙirin, tana danƙo a yatsa. Tsohuwar ƙura ce, hayaƙi ya zo ya liƙe ta. Ya ce na'urar da ba ta hutawa kuma ba ta samun iska, ƙanƙara take tarawa a ciki har ta toshe kanta. Ya haska tocila na ga farin abu ya fara kamawa. A gareji kuwa kasko yana cikin jakar Hajara a gida, ƙanƙara ta narke a hanya. Me kwamfuta za ta gani?

Ya ɗaga filtar ya nuna wa Hamidou. “Mai mota, yaushe rabonka da wanke wannan?”

Hamidou ya ce, “Dama ana wankewa?”

Ni ban yi dariya ba. Na juya wajen Hajara, magana ta riga ta hau bakina. Kwana huɗu, gareji, hankalin kowa a tashe, saboda turare. Ita ma ta gane. Ta sunkuyar da kai, hannunta ya nufi soket, ta ce a hankali, “Ashe ni ce.”

Chollom ya riga ni.

“Mama, bar shi yana ci. Wanda ya ƙera motar nan ne bai san ana suna ba. Ya kafa kanta a ƙarƙashin sensa, ina mutum zai ajiye kasko in ba a kanta ba? Riga nawa suka rage?”

“Goma sha ɗaya.”

“Duk za a turara su.”

Ya bari ta gama wadda take hannunta, sannan ya ɗauko sukundireba. Ƙusa huɗu ne. Ya cire kantar ya kafa ta a ɗaya bangon, ƙarƙashin taga. Ya wanke filta da ruwan ɗumi da sabulu, ya shanya, ya kunna fanka zalla har ƙanƙarar ta narke. Ya ce sharaɗi biyu: a ɗan buɗe taga idan ana turare, kuma da mota ta tashi a zare kasko.

Hajara ta ce, “Ɗan Jos, ka san turare ne?”

“Da Barebari na yi maƙwabtaka, Mama. Tun da na zauna a gadon nan na ji shi. Wannan na Maiduguri ne.”

“Na titi na 116 ne a garin nan, wurin 'yan Nijar.”

Hamidou ya ce, “Shi ya sa ya fi ƙarfin motar Amurka.”

Aiki ya ƙare, wani zai kwashe kayansa ya tafi. Chollom ya buga waya ya ɗage aikin da ke jiransa. Ya ce abin da ya lalace a awa ɗaya, sai ya gan shi ya wuce awa biyu. Ya zauna a matakalar mota yana duba allo lokaci lokaci, Hajara tana ciki tana turara sauran kayan. Lamba ba ta motsa daga saba'in da biyu ba.

Juma'a da safe muka tashi. Hajara ta yi barci tun daga Pennsylvania har muka shiga Ohio. Asabar aka raɗa suna, aka sa wa yarinya sunanta. Ta riƙe ta tun safe har azahar, da ƙyar Safiatu take karɓa ta ba ta nono. A watan Fabrairu na shekarar da ta biyo Allah ya karɓi Hajara. Ganin nan ɗaya ta yi wa jikarta.

Chollom, kai ne ka tambaya a inda wasu suka ce a sauke a jefar. Kai ne ka gano laifi, ka ƙi ɗora shi a kan tsohuwa mara lafiya a gaban mijinta. Ka hana ni faɗin maganar da zan kwana da ita har ƙarshen raina. Wannan ba a makarantar AC ake koyar da shi ba. Sanyin Jos, Allah ya sassauta maka gwiwoyin nan, ya raya maka zuriya, ya sa ka huta cikin mutunci.

Ku masu tasowa a sana'a, makaniki ne kai ko mai jinya ce ke, na san kuna sauri, garin nan ba ya jiran kowa. Amma kafin ku kwance abu, ku zauna a inda mai shi yake zama, ku tambaye shi yadda yake rayuwa da shi. Idan kun gano kuskurensa, ku nemi hanyar da za ku gyara ba tare da kun ƙwace masa abin da yake ƙauna ba. Chollom yana nan a layinmu, bai je ko'ina ba. Ku same shi ku koya tun yana da ƙarfin magana.

Ranar Alhamis ɗin nan, da za ka tafi, Hajara ta yi ta sa maka albarka har ka shiga mota. Ni hannu kawai na miƙa maka, ban ce komai ba. Shekara biyu ina wuce ka a ƙofar Akosua da wannan bashin godiya a wuyana.

Na gode, Chollom.