Bawul ɗin Ɗakin Inna

Ina ofis a Kano ranar Talata da hantsi Yaya Modu ya kira ni ya ce, "Jikin Baba ya matsa, ki taho yanzu." A gidanmu ba a faɗin mutuwa ta waya. Sai a ce jiki ya matsa, a bar mutum ya yi ta yaudarar kansa daga Kano har Ajingi. Ni yaudarar ba ta kai ni ko Wudil ba, domin na ji muryoyin maza da yawa a bayan tasa, gidanmu kuwa ba ya tara maza da hantsi. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na tarar an yi masa sutura, ana jira in yi masa addu'a a fita da shi.

Mahaifinmu, Malam Bukar Mai Famfo, jikan Barebari ne da suka zo fatauci suka zauna. Abin da ya rage mana na Barno sunaye ne da turaren wuta. Shi bai bi fatauci ba, ya kama gyaran famfo, kuma tsakanin Gaya, Kademi da Balan da wuya a sami rijiyar burtsatsen da ba ta san hannunsa ba. Ba ya kwance abu sai ya shimfiɗa tsumma ya jera kowane noti yadda ya fito. Yakan ce, "Kafin ka kwance, ka san yadda za ka mayar." Duk Alhamis yana zagaya famfunan alwala na masallatan unguwa ba wanda ya aike shi. Idan yana koyar da ɗaure noti kuwa sai ya ce, "Hannu tukuna, sifana daga baya. Abin da ya ƙi shiga da lallami, ƙarfi ɓata shi zai yi." Da wannan ƙa'idar ya riƙe mu, ko da yake wasunmu sun ci a sa musu sifana.

Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka Uwata yake kirana. Da na gama karatun injiniya sai ya ƙara mini Injiniya, wanda yake ajiyewa don ranar da na yi shirme. Bai taɓa bari na taɓa akwatin kayan aikinsa ba. Na ɗauka don ni mace ce, na riƙe abin shekaru, har nakan ba da labarin a tarukan mata da kimiyya a tafa mini.

Mahaifiyarmu, Inna, tana da ciwon gaɓoɓi, sanyi ba ya barinta ta miƙe. Maganinta kaskon gawayi a ɗaki, ƙofa a rufe. Wata shekara aka fito da ita a sume saboda hayaƙin gawayin. Bayan nan na zana mata tsari: tankin ruwan zafi mai aiki da sola, bututu ya zagaye bangon ɗakinta, da bawul mai ɗan inji a kansa, wanda ke buɗe wa ruwan hanya da kansa idan ɗakin ya yi sanyi. Ni na zana, Baba ya haɗa. Kaskon ya koma kicin.

A sanyin bana bawul ɗin ya mutu a rufe. Lokacin ciwon suga ya riga ya dushe wa Baba ido, ya kashe masa jin tafin hannu. Masu gyaran gari biyu suka leƙa, suka ga wayar wuta a jikin famfo, suka ce ba layinsu ba ne. Inna ta ce ita dai ba za ta daskare ba, a dawo mata da kaskonta. Na sayo sabon bawul a Kano na iso ranar Asabar bayan azahar, na tarar da kaskon a bakin ƙofarta an zuba gawayi.

"Sai mu jira mai haɗawa daga birni ran Litinin," na ce.

"Kwana biyu? Kin san uwarki. Ɗauko akwatin."

"Wa zai yi, Baba?"

"Injiniya nawa gare mu a gidan nan?"

Aka ajiye masa kujera a gindin tanki. Ya sa na kashe wuta, na rufe ruwa sama da ƙasa, na tsiyaye abin da ya rage a bokiti. Ya ce in ɗaure kowace wayar wuta da zare mai launi daban kafin in cire. Na ce na ɗauki hoto da wayata. Ya ce, "Madalla. Ɗaure zaren." Notin farko ya ƙi motsi, sifana ta kufce, na ɓare fatar yatsa biyu. Inna tana daga ƙofa cikin bargo tana cewa, "Malam, ka bar yarinya mana, hannun biro ne da ita."

Na fitar da tsohon, na sa sabbin zobban roba, na zaunar da sabon, na ɗaure shi tamau ina jin kaina. Sai ya ce, "Akwai kibiya a jikinsa. Ina ta kalla?"

Na duba. Tanki ta kalla. Ni da nake zana kibiyar ruwa a takarda kullum, na juya ta baya.

"Ta yaya ka gani?"

"Ban gani ba. Kowa yana yi sau ɗaya. Nawa a Kademi ne, gari guda yana kallona."

Na kwance na sake. La'asar ta yi sanyi kafin na mayar da wayoyin na buɗe ruwa. Ya ɗora kan sukundireba a bututun, ya kafa kunne a ƙotar, muka ji ɗan injin ya juya a hankali. Ya ce in kai shi ɗakin. Ya shafa bututun bango da hannu biyu, ya daɗe yana shafawa. Mutumin da ya shekara arba'in ba ya yarda da aiki sai ya taɓa, ya juyo ya tambaye ni, "Uwata, ya ɗauki ɗumi?"

"Ya ɗauka, Baba."

"To na yarda."

Ya kamo hannuna ya kai shi dab da idonsa, ya dubi yatsun da suka ɓare. "Wannan nake guje miki," ya ce. "Na sa ki makaranta ne don kada hannunki ya zama irin nawa." Ina da amsoshi masu kyau, na sha faɗar su a gaban jama'a. Ranar hannunsa kawai na riƙe. Shi da kansa ya ce a kwashe gawayin. Sati uku bayan nan ya rasu.

Ya Allah, bawanka Bukar ya zo maka. Ka gafarta masa, ka yi masa rahama, ka yalwata kabarinsa ka haskaka shi. Ka sa kowane ruwa da ya jawo wa mai ƙishi da mai alwala ya zama shaida a gare shi, ka shayar da shi daga Alkausara. Ka yafe mini zaton da na yi masa. Ka ba Inna haƙuri da lafiyar gama takabarta, ka haɗa kanmu ni da Yaya Modu da sauran ƙannenmu a bayansa. Idan tamu ta zo, ka sa mu cika da imani. Amin.