Kaset ɗin Yaya

Yayana ya rasu wurin cin rani a Ikko, ba mu ga gawarsa ba. Abokin tafiyarsa ne ya kawo mana jakarsa, da wani bidiyo a waya wanda ya ɗauke shi yana yi wa Inna magana, kafin ciwon ya kwantar da shi.

Inna ba ta san waya ba, ba ta kuma yarda da ita. Abin da ta iya shi ne tura kaset cikin tsohon manyetonmu, hoto ya fito a tele. Ta ce a sa mata ɗanta a kaset. Na zagaye kasuwar Matamaye kaf, babu sabo. Sai ta miƙo na bikin ƙanwata, ta ce a goge, amarya ai tana raye.

Ni da abokin Yaya muka kai wa mai tura fina-finai na bakin tasha wayar da kaset ɗin. Ya juye bidiyon a kwamfuta, na ji muryar Yaya sau ɗaya, cikin rurin janareto da ihun 'yan kamasho. Ya jona manyeto da wata waya rawaya, ya danna. Na ce, "Malam, waɗannan wayoyi biyun fa, fara da ja?" Ko kallona bai yi ba. Ya ce rawayar ta isa. Har yau in na tuna fuskarsa raina ɓaci yake.

A ƙa'idar Inna, ba za a kalla ba sai dangi sun taru ranar sadakar arba'in. Aka naɗe kaset a zane aka ajiye. Ranar, bayan an watse da addu'a, aka kunna. Ga Yaya nan da hularsa a karkace, baki yana motsi, shiru kamar kifi a ruwa. Wayoyin da ya ƙi jonawa su ne na murya.

Na ruga tasha. Mutumin ya ce duk Juma'a yake share kwamfuta don sababbin fina-finai. Abokin Yaya kuwa ya koma Ikko, ya sayar da wayar ya yi kuɗin mota.

Duk da haka Inna ba ta daina kunnawa ba. Takan zaunar da ni gefenta, tunda ni kaɗai na ji. Abin da na riƙe bai wuce gaisuwa ba. Akwai inda Yaya yake dafa ƙirji, ya sunkuyar da kai, ya daɗe yana magana. Kullum a nan take taɓa gwiwata.

"Nan fa, me yake ce mini?"

Wallahi ban sani ba.