Laftof Ɗina da Direban Shanu

Haƙorana biyu na gaba ba nawa ba ne, na roba ne, kuma laftof ce silarsu. Duk wanda na gaya wa haka sai ya yi dariya, ya ɗauka zolaya nake. Ni har yau abin ba ya ba ni dariya.

A lokacin sana'ar turi nake yi, wato tura wa mutane fina-finai da waƙoƙi da karatu a memorin waya. Rumfata tana kan hanyar kara, wato kasuwar shanu, inda tireloli ke jeruwa ranar kasuwa. Ba ni da janareta, wuta kuwa a layinmu sai ta ga dama. Da na je sayen laftof, mai shagon, wani mutum da iyayensa Kanawa ne, ya ajiye mini guda biyu a kan tebur. Ɗaya tsohuwa ce 'yar gwanjo, nauyi kamar dutsen niƙa, tana da ƙarfi da sauri, amma batirinta ya mutu, sai a jikin wuta take aiki. Ɗayar sabuwa fil, siririya, mai araha. Zan ba mutumin nan shaida, bai ɓoye mini komai ba. Ya ce RAM ɗinta gig huɗu ne kuma ba a ƙarawa, ma'ajiyarta 'yar ƙarama ce, manne take a jikin bod, wato allon da ke cikin laftof ɗin, kuma ba ta da fanka ko ɗaya. Abin da take da shi batir ne, ka yi caji da safe ta kai ka la'asar. Na duba rumfata a zuciya, na ɗauki mai batir.

Da damina mun zauna lafiya da ita. Bazara ce ta tona mana asiri. Rana na take tsaka sai ta ɗauki zafi ta ƙasa, ta koma tafiyar hawainiya, ka danna abu ka je ka sha ruwa ka dawo bai buɗe ba. Dabarar da muka samo, ni da maƙwabcina mai cajin waya, ita ce mu sayi fiya wata mai ƙanƙara, mu jera a tire, mu kifa wani farantin a sama, mu ɗora ta. Ni kuma in zauna da mafici ina yi mata fifita kamar mai jinya. Mutanen layi sun saba gani, har tsokanata suke, wai yaya jikin amarya.

Ran da abin ya faru ranar kasuwa ce, zafi kamar a gasa mutum. Wani direban tirela ya zo, ƙato, ya girme ni sosai, Hausarsa irin ta mutanenmu na ƙauyukan Nangere. An riga an loda masa shanu, Kudu zai tafi. Ya miƙo mini memori biyu, tsoho da sabo. Ya ce tsohon ya fara wasa da shi, wani lokaci waya ta gan shi, wani lokaci ta ce babu. A ciki akwai saƙonnin murya na mahaifiyarsa, da yaren Ngizim, waɗanda take sa a ɗaukar mata a tura masa idan yana hanya. Ta rasu bayan ƙaramar sallah, kuma babu inda muryarta ta rage sai cikin ɗan abin nan. So yake a mayar da komai cikin sabon.

Ramin memori ɗaya ne a laftof ɗin, dole sai na kwafe cikinta tukuna, sannan in juye a sabon. Da ƙyar ta gane tsohon. Saboda abin da ya gaya mini, muryoyin na fara kwafewa, suka shiga tsaf. Sai na koma kan hotuna da bidiyo, nan kuwa ta ƙame. Koren layin da ke nuna tafiyar aiki ya kai rabi ya tsaya cak. Ƙanƙarata ta narke ta zama ruwan ɗumi. Na ɗauki mafici.

Shanu a cikin mota ba sa jiran kowa. Idan suka daɗe a tsaye cikin rana wata sai ta durƙushe, sauran su tattake ta, kuma direba za a kama. Daga rumfata muna jin kukansu, masu dabbobin suna ta buga jikin mota suna kiransa. Ya tambaye ni saura yaya, na ce Oga ka ƙara haƙuri. Ya sake tambaya, na sake ba shi haƙuri. Ya kalli tire, ya kalli mafici a hannuna, na ga idonsa ya canja. Shi bai saba gani ba, a ganinsa raini ne, mutum ya kawo muryar uwarsa ana yi masa wasan yara. Kafin in ankara ya sa hannu ya fizge memorin. Ya sa a wayarsa. Waya ta ce babu komai. Ya cire ya hura ya mayar, ta ce babu.

“Ka goge ta,” in ji shi.

Na buɗe baki in ce muryar tana cikin laftof. Ban kai ga kalma ta biyu ba naushi ya same ni a baki. Na ji abu ya karye, na faɗa kan benci, bencin ya kife da ni. Ya ci kwalata ya ɗaga ni ya haɗa kaina da ƙarfen rumfa. Ina ta ƙoƙarin magana, amma leɓena ya tsage, bakina cike da jini da gutsattsarin haƙori, abin da ke fita gurnani ne kawai. Ina nuna masa laftof da hannu, nufina ga ta can a ciki. Shi kuwa ya bi hannuna da kallo, ya sake ni, ya ɗauke ta da hannu biyu. Ya maka ta a gefen kwalbati. Ya ɗaga ya sake makawa, ta rabe biyu, ya sa ƙafa ya bi ta da taku har maɓallanta suka watse cikin ƙasa.

Mai caji ya taso da ƙafar benci ya zabga masa a gadon baya. Direbobi suka gani, suka yo kanmu da ƙarfen kwance taya. Mai shayin layinmu ya watsa musu ruwan zafi, aka kife masa tebur, aka fasa wa mai caji goshi, wayoyin mutane suka zube ana bi ta kansu. Wani da bai san ma me ake yi ba ya shigo raba faɗa, aka karya masa hannu. Ni ina kwance a ƙarƙashin ƙafafu, ina kare kaina da tire. Dattawan kara ne suka raba, da ƙyar. Aka tura direban mota ya ja, ni aka sa ni a keke napep zuwa asibiti, aka ɗinke mini leɓe.

Na yi kwanaki ba na cin komai sai kunu, kuma tsanar mutumin nan ce ta riƙe ni. Duk da haka na tattara gawar laftof ɗin a leda na kai wa wani mai gyara a unguwar Dogo Tebo. Ya ce da irin tsohuwar nan ce mai nauyi, da sai ya zaro hadis ɗinta, wato ma'ajiyarta, ya sa a wata, komai ya fito. Wannan kuwa ma'ajiyarta ɗan baƙin abu ne kamar farcen yatsa, a jikin bod, kuma ga shi ya tsage gida biyu.

Da direban ya dawo daga Kudu, shugabannin direbobi suka kawo shi gidanmu neman sulhu, kamar yadda aka saba. Aka shimfiɗa tabarma a zaure, yayana ya zauna kusa da ni. Ya ba da haƙuri, kansa a ƙasa, ya ce zuciya ce ta ɗebe shi, shi ma ya yafe mini gogewar da na yi. Wannan kalma ce ta tayar mini da komai. Na shiga ciki na ɗauko ledar, na zazzage a gabansa.

“Ban goge ba, Oga. Muryar na fara kwafewa, ta shiga lafiya. Tana cikin nan lokacin da ka taka.”

Na faɗa ne don ya ji ciwo, kuma ya ji. Ya daɗe yana kallon tarkacen, sannan ya tambaya a hankali ko a wane wuri take. Na nuna masa ɗan baƙin abin da ya tsage. Ya ce ƙanena, ko za ka bar mini wannan. Na ce ya ɗauka. Ya ciro hankici daga aljihu, ya shimfiɗa a cinyarsa, ya naɗe guntun bod ɗin da manyan yatsun nan nasa, a hankali, yana gyara gefe-gefen kada wani abu ya faɗi.